Hanyar da Na Nuna wa Baffa

Ranar wata Asabar ce, kwana huɗu da saukar ruwan shuka, a shekarar da nake aji biyar na firamare a Kazaure. Tun rana ba ta ɗaga ba na zuba wa tumaki dusa, na cika wa Inna randa, na share ƙofar gida sharar da ko makaho ya taka ya san ta gaggawa ce, na zo na tsaya ina jiran Baffa Ado ya gama da babur ɗinsa. Shi kuwa sai ka ce da gangan yake yi. Ya goge madubi, ya leƙa tankin mai, ya danna taya da babban yatsa, ya ɗaure gorar ruwa a baya, sannan ya dube ni ya ce, "To, mai hanya, hau mu gani." Ƙasa tana ƙamshin ruwa. Na hau ina washe baki, amma akwai abin da na sani game da hanyar nan wanda ban gaya wa kowa ba.

Baffa Ado ƙanin mahaifina ne, malamin gona, aikinsa zagaya ƙauyukan Roni da Gwiwa yana duba shuka. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani kwalta kamarsa ba. Idan an ce ga titi nan miƙaƙƙe, sai ya karya kan babur ya faɗa burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Yana da yadda yake neman hanya. Ya bi sawun jakuna, domin a cewarsa jaki ba ya zuwa inda babu rijiya ko kasuwa. Ya tsaya ya tambayi mata masu ɗiban ruwa, ya tambayi makiyaya, in abin ya gagara ya kashe babur ya hau dutse ya duba ƙasa da idonsa. Kuma bai taɓa komawa gida ta hanyar da ya fita ba. Da la'asar zai dawo wandonsa duk ƙarangiya, ya zauna a tabarma yana ba mu labarin wata fadama da ya gano a bayan duwatsun Roni, ko wata kuka da mutum biyar ba za su zagaye ta da hannu ba. Inna takan ce, "Wannan mutum dai ƙafarsa ƙaiƙayi take yi."

In ƙaiƙayi ne, ni na fi shi. Zaman aji ya kasance mini azaba, domin tagarmu tana kallon hanyar da ta nufi bayan gari, kuma duk ƙarar babur da ta wuce sai hankalina ya bi ta. Na sha bulala a kan zanen hanyoyi a bayan littafin lissafi. In an tashi tara, yara suna langa, ni ina can ina haɗa babur na kara, ko ina kora gare-gare ina yi masa kukan inji da baki har maƙogwarona ya bushe. Duk da haka ba ni ake ɗauka ba. Yayana Nura ne ke hawa bayan Baffa, wai ya fi ni ƙarfin tura babur idan yashi ya riƙe shi. Ina jin haushin Nura ƙwarai a lokacin, ba na ɓoyewa, ko tuwo muke ci sai na juya masa baya.

Wata rana cikin rani Baffa ya ce bayan kaka zai yi tafiyar da ya daɗe yana shiryawa: daga Kazaure har Babura ta Kanya Babba, ba tare da tayarsa ta hau kwalta ba sai dai tsallakawa. Wurin zama ɗaya ne a baya. Ya dube mu ni da Nura ya ce, "Duk wanda ya nuna mini hanyar da ban sani ba, bayan babur nasa ne." Nura ya yi dariya, don yana ganin babu irin wannan hanya. Ni kuwa tun daga ranar na daina zama. In an aike ni kai abinci ko sayen kalanzir, sai na ƙara zagaye. Na bi abokaina ɗiban magarya da goruba, ba don magaryar ba, har Allah ya sa na dace. A bayan wani dutse ta wajen Roni akwai 'yar siririyar hanya da ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, ta gangara ta cikin wani fili, ta tsallake busasshen rafi, ta ɓulla gindin wasu giginyu. Na tabbata Baffa bai san ta ba, domin bai taɓa ambaton giginyun nan ba.

Na faɗa masa, ya ce sai ya sami sarari, lokacin rabon iri ne. Mako ya wuce, wani ya bi, sai ga hadari, sai ga ruwa. Washegarin ruwan ina tashi daga makaranta na ruga da gudu in duba hanyata, na tarar da wani dattijo yana sara da sungumi, 'ya'yansa suna binsa suna zuba gero suna rufewa da diddige, kuma layin shukar ya bi ta kan hanyar ya wuce abinsa. Duk ɗan da ya tashi a ƙasarmu ya san wannan. Akwai hanyar rani, wadda mutane da dabbobi ke yankewa ta cikin gonaki bayan an kwashe amfani. Ruwa na sauka mai gona ya karɓi ƙasarsa, hanya ta rufe sai wata kakar. Na san haka sarai. Amma na ga in na jira kaka, tafiyar Babura ta zo ke nan, kuma wa ya sani ko Nura zai riga ni samo wata. Sai na ja bakina na yi shiru.

To, ranar Asabar ɗin nan muka fita. Muka bar gari a baya, muka bi burtali, ina nuna masa da yatsa ta gefen kafaɗarsa. Da muka shiga tsakanin duwatsun nan biyu ƙarar inji ta dawo mana, ƙadangaru suka watse, iska mai sanyi ta buge mu. Baffa ya yi dariya da ƙarfi ya ce, "Kai! Ni da ƙasata, yaro ya fi ni." Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. A bakin gangara ya rage gudu, ya ɗan leƙa filin da ke ƙasa, inda sawun hanyar ke nan fes har yanzu, ya ce, "Ba a yi shuka a nan ba kuwa?" Na ce, "A'a Baffa, saura ce, ba a noma ta bana." Ya yarda da ni, ya saki birki.

Ba mu yi nisa ba yashi mai laima ya kama tayar baya. Ya ƙara wuta, taya ta yi ta juyawa tana watsa ƙasa, babur yana tangaɗi hagu da dama, har muka haƙa wani dogon rami a tsakiyar gonar. Da ya kashe inji ya sa ƙafa ƙasa, sai ya sunkuya. Ga tsiron gero nan ƙanana kamar allura, wasu a tsaye, wasu taya ta tumɓuke su ta kwantar. Bai ɗago ba tukuna muka ji sallama. Dattijon nan ne ya fito daga gindin wani gawo. Ya dubi ramin, ya bi sawun tayarmu da ido har bakin dutse, sannan ya dubi Baffa da kyau ya ce, "Af, ashe malamin gona ne. Ai na ɗauka wani baƙo ne da bai san damina ba."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Baffa ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, laifina ne. In akwai sauran iri a taimake ni da shi." Bai ce yaro ne ya sa shi ba, ko kallona bai yi ba. Dattijo ya ce a bar shi ya wuce, Baffa ya ƙi. Muka cicciɓo babur muka tura shi ta kan iyakar gona, aka kawo sungumi da ƙoƙon iri, Baffa yana sara ina zubawa ina rufewa, har rana ta take. Hawaye suna zubo mini, ina sharewa da kafaɗa don hannuna duk ƙasa ne. Da muka gama dattijo ya ba mu ruwa, ya nuna wa Baffa inda hanyar damina ta zagaya.

Baffa bai bi ta ba. Ya nemi titi mafi kusa ya hau kwalta, ya miƙe har Kazaure, kuma wannan kwaltar ta fi mini bulala zafi. A ƙofar gida ya ce, "Hanyarka sabuwa ce, ban san ta ba. Amma wanda ke baya shi ne idona, in na tambaye shi dole in iya sakin birki a kan maganarsa." Bai gaya wa mahaifina ba, bai gaya wa Inna ba. Bayan kaka ya ɗauki Nura suka tafi Babura, ni ina tsaye a ƙofar gida ina riƙe da igiyar tunkiya. Da suka dawo ya kawo mini rake, ya shafa kaina ya ce baɗi tawa ce. Kafin baɗi aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can gabas, da ya dawo bayan shekaru kuma gwiwa ta hana shi hawa babur. Yau shekara shida ke nan da rasuwarsa.

Yanzu ina da babur nawa, kuma har yau ba na iya zaman gida ranar hutu. Mukan fita da abokai mu bi ƙauyukan Gwiwa, mu zagaya ta Roni, kowa da waya ɗaure a kan babur tana zana masa hanya. Wayar ba ta san rani ba, ba ta san damina ba, sai ta ja layi ta tsakiyar gonar mutum ta ce a bi. Burtali da yawa ma noma ya cinye su, inda muke tsayawa tambaya a bakin rijiya yanzu famfo ne, ba ka samun kowa sai yara. Abokaina suna yi mini tsiya wai na cika tsayawa gaisuwa da tambayar ko an yi shuka. Na bi ta Kanya Babba na shiga Babura ba tare da kwalta ba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ƙasar tana da kyau kamar yadda Nura ya faɗa. Sai dai ban taɓa ganin ta ta gefen kafaɗar Baffa ba.