Allurar da Ta Raba Mu da Malama Aisa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Aisa Abubakar ta Ƙofar Mazugal, malamarmu a makarantar matan aure, bayan jinyar da ta faro daga ciwon gwiwa. Har yau, Malama, in na faɗa wa mutum abin da ya kwantar da ke, sai ya sake tambayata, yana zaton bai ji daidai ba.

Ni Bahijja, a gabanki na iya haɗa baƙi ina da 'ya'ya uku. Ranar da na fara zuwa kunya ta hana ni buɗe baki, sai kika jawo tabarmarki kusa da tawa kika ce, "Ni ma sai da na yi aure na iya karatu." Duk macen da ta rasu a unguwarmu ke ake aika wa. Kya zo da turaren wuta irin na mutanenku na Barno, ki durƙusa ki yi mata wanka, ki suturta ta, ki fita ba ki ko sha ruwan gidan ba. Da mahaifiyata ta rasu na kasa taɓa ta, ke kika kama hannuna kika nuna mini yadda ake yi.

A kan hanyar irin wannan aikin kika zame cikin kwatar da aka haƙa a lungunmu aka bar ta a buɗe tun farkon damina. Gwiwarki ta murɗe, ta kumbura, ta riƙa ƙullewa in kin zo miƙewa daga sujada. Ɗanki Abdulmalik ya kai ki wajen likitan ƙashi, aka ɗauki hoto. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ne ya yage. Za a fara da gasa gwiwar da motsa ƙafa, ki riƙa salla a kan kujera, in hakan bai wadatar ba a yi ɗan ƙaramin aiki a gyara. Ya ce ciwo ne da mutane da yawa ke samun sauƙinsa.

Abdulmalik na yin tafiya, masu ba da shawara suka cika gidan. Wannan ta ce wanda aka shiga da shi tiyata da ƙafa ɗaya yake fitowa. Waccan kuwa, a gaban ɗalibanki, ta ce ita ba ta taɓa ganin malama na salla a kujera kamar mai jiran mota ba. Wannan maganar ta fi gwiwar yi miki ciwo, don kin gaya mini goshinki na kewar ƙasa. Da haka aka ja ki wajen wani mai shagon magani da ke kiran kansa dakta. Ya soka miki allura cikin gwiwa a bayan labule, a kan bencin da kowa ke zama, ya ce gobe za ki yi sujada. Kika yi kuwa, kina murna. Ba a jima ba gwiwar ta ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ki. Da aka koma masa sai ya ce ciwon ne ke fita, ya ƙara miki wata. Kafin ɗanki ya dawo ya ɗauke ki zuwa asibiti, gwiwar ta tara mugunya, cutar ta shiga jini.

Na yi imani da ƙaddara, ke kika karantar da ni. Amma ke ɗin ce kuma kika karantar da ni cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, hakkin yana wuyansa. Matan da suka tsorata ki da likita su ne a gaba a zaman makoki, suna gyaɗa kai suna cewa kwana ne ya ƙare, ko ɗaya ba ta sunkuyar da kai ba. Kwatar na nan a buɗe. Shagon ma na nan, jiya na wuce na ga tsofaffi a layi, kowacce na dafe da gwiwa.

Maganarki ta ƙarshe gare ni a gadon asibiti ita ce, "Kada ku bari a kai Hajo wajensa." Hajo maƙwabciyarki, mai ciwon gwiwa irin naki, ba ta je ba, mun kai ta ga likita. Mu ɗalibanki kuma mun raka Abdulmalik ya kai ƙara wajen hukuma, kuma ba za mu daina sintiri ba sai an rufe wannan shago.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Alhaji Shehu, da Abdulmalik, da ƙanwarsa Nana Aisha, da dangi na nan Kano da na Barno. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ke kuwa Malama, Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara, Ya saukar da ke a Aljannar Firdausi. Wanda ya yi wasa da ranki kuma, Allah Ya isar miki.