Ranar da Yatsana Ya Motsa

Yau ina tsefe yatsun ƙafata a alwala sai na tuna marigayi Kawu, tsohon ma'aikacin asibiti a Gyaɗi-Gyaɗi. Bayan haɗarina a Tarauni, yatsun nan daina motsi suka yi. Kullum da hantsi yakan ɗora ƙafar a cinyarsa, hannunsa na ƙamshin man zafi, ya shafa bayan idon sawuna.

"Nan jijiyar ta bi, ɗana. Siririya ce, amma ita ke ba kowace 'yar tsoka a tafin ƙafa umarni. Ba ta lokaci."

A wata na biyar babban yatsa ya motsa. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Mahaliccinta."

Allah ya tabbatar da dugadugansa bisa siraɗi.