Filin da Baffa Ya Hana a Gina

Hayaƙin gonakin shinkafa da ake ƙonawa ya shigo mini ta taga a nan unguwar Ainu Shams, can ƙasar waje inda nake zaune, sai na tuna Baffa, ƙanen mahaifina.

Shi ke raba filaye a garinmu. Duk kaka sai ya sa an share wani fili tsakanin gidaje da daji, ko ciyawa ɗaya ba ya bari. Wanda ya haƙa masai kusa da rijiya kuwa, da hannunsa zai cike shi.

Shekarar da wutar daji ta taso, ina tsaye gefensa, zafi na gasa mini fuska. Na ce, "Baffa, mu gudu!"

Ya ce, "Ke, tsaya. Nan ba ta da abinci." Wutar ta iso bakin filin, ta mutu.

Jiya 'yata ta bugo waya, wai an yanka filin, har ita ta yi gini a ciki. Ni da gari ke jin maganata, ga ni a saman bene a gidan ɗana, gwiwa ta ƙi. Na yi ta faɗa, ɗan nawa ya ce, "Ma'alish, Inna," wato in yi haƙuri.

Allah ya sanyaya kabarinka, Baffa. Allah ya tsare mini yarinyar nan, don ni ba inda zan iya zuwa.