Jakar Don Eulogio da Hayaƙin Ranar Juma'a

Shekara goma sha tara Don Eulogio Ferreyra ya yi yana leƙen ƙasar Brazil ta gilashin ƙara girma, bai taɓa taka ta ba. Aikinsa ke nan a wani ofishin sirri a Buenos Aires, babban birnin ƙasarsu mai maƙwabtaka da Brazil: a jibge masa hotunan da aka ɗauko daga sama, shi kuma ya faɗi ko maƙwabta na haɗa bam ɗin nukiliya. Ga taurin kai, ga son nama, kuma duk unguwarsu ba wanda ya isa ya taɓa masa garwashi in yana gasa nama ranar Lahadi.

Abin da ya hana shi sakat wata doguwar rumfa ce a bayan wata masana'antar Brazil mai sarrafa yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa bam ɗin da shi. Duk Juma'a da rana mota ta shiga, can an jima hayaƙi ya turnuƙe. Wani abokin aikinsa ya taɓa ce masa, "Eulogio, anya mutanen nan ba nama suke gasawa ba?"

"Nama? Haba! Wane ɗan halak ne zai gasa nama da wannan hayaƙin? Nama ai sai garwashi ya kwanta."

Haka ya yi ta rubuta rahoton zargi a kan rumfar. A gida kuwa ya haɗa jaka ya jingine bayan ƙofa: takardun haihuwa, tocila, da rigar sanyin 'yarsa Nélida, saboda ranar gudu. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, jaka tana nan. Shi yana kiran abin shiri, amma tsoro ne tsagwaronsa.

Sai ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya, masu binciken nan su je can, na can su zo nan. Don Eulogio ya ja tsaki ya ce takarda ba ta tare bam. Abin haushin, Nélida da ta karanci kimiyya tana cikin waɗanda aka ɗauka, tafiyarta ta uku kuma ta faɗa kan masana'antar nan.

Ranar Lahadi ta dawo ta tarar da shi a tsakar gida yana jiran wuta ta kwanta. Ko sannu da zuwa bai yi mata ba.

"Rumfar fa?"

"Baba, na ciki ba zan faɗa maka ba, rantsuwa na yi. Mun auna, mun ɗaura hatimi, ba abin da ya ɓata. Amma rumfarka ba sirri ba ce. A cikinta na ci abincin rana."

Ta miƙa masa hoto. Ga ƙarti sun jera nama a tsinkayen ƙarfe, wuta na tashi har kusa da rufi.

"Mai hular nan Valdemar ne, injiniyansu. Na ba shi labarinka, ya ce a gaishe ka. Wai shi ma babansa har ya rasu yana jiran namu bam ɗin."

Tsohon ya ɗauko gilashinsa ya duƙa kan hoton. Ya daɗe bai ɗago ba. Kunya ce ta fara kama shi, shekara goma sha tara a kan gashin nama. Sai kuma ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

"To ai ban yi ƙarya ba," in ji shi. "Cewa na yi ana aikata mugun abu a rumfar nan. Dubi yadda suke babbake nama, don Allah!"

Nélida ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi, sai dai hawayen da ya share ba duka na dariya ba ne.

"Ki gaya wa Valdemar ɗin nan, in ya zo nasa binciken ya biyo ranar Lahadi a koya masa."

Ya shiga ɗaki ya jawo jakar, zif ɗin ma da ƙyar ya buɗu. Ya zaro 'yar rigar sanyin, wadda yanzu ko hannunta ɗaya ba zai shiga ba, ya kakkaɓe ta ya ɗora mata a cinya.

"Ungo kayanki, 'yar nan. Ba inda za mu."