Asirin da Mama Ta Rufe

Wata Lahadi da damina, a tsakiyar shekarun saba'in, muna fitowa daga sujada a Kafanchan ina rungume da littafin waƙoƙin Mama, sai na ji wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta nuna mu da baki, ta ce wa ƙawarta, “Ai gidan Malam akwai rufin asiri.” Hausa ba yarenmu ba ce, a kasuwa da makaranta na tsince ta, kuma asiri ɗaya na sani, wanda ake karɓowa wajen boka a binne a bakin ƙofa. Baba kuwa malamin firamare ne, dattijon ikkilisiya, kuma duk wanda aka kama da irin wannan abu, bencin baya ake mayar da shi, kowa na kallonsa.

Satin nan ko wasan gaɗa ban fita ba, ina shara ina leƙe-leƙe. Na ɗaga ƙyallen da Mama ta saƙa ta lulluɓe rediyo, na buɗe kwanukan tangaran da ba a taɓawa sai Fasto ya zo, na tona gindin rumbun acca, har gonar cittar da ke bayan gida ban ƙyale ba. Ban ga komai ba sai takalmin Baba, ƙasansa duk faci, samansa yana ƙyalli.

Ana nan sai Malamar Hausa ta karanta mana wani labari, aka zo inda aka ce mutumin ba attajiri ba ne, amma yana da rufin asiri. Na ɗaga hannu, na tambaya ko an kama shi. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce ana nufin wanda ba ya roƙo, ba a jin kukansa a waje, 'ya'yansa na zuwa makaranta tsaf. Da gudu na kai wa Mama labari tana surfe. Ko taɓaryar ba ta ajiye ba, ta ce, “To ke a ganinki don me nake wanke rigar nan taki guda ɗaya kullum da yamma?”

Yanzu nakan ji kalmar a bakin masu motoci biyu, suna faɗinta don kada a roƙe su, sai kewar gidan nan ta kama ni. Mama ta rufe namu da sabulun salo da dutsen guga na gawayi, har ni da nake cikin gidan ban san muna da abin rufewa ba.