Jamid ɗin Ummu Walid

Ke Hibatullah, kin taɓa ganin macen da aka roƙa ta zauna a Madina ta ce a'a? Ajiye jawwal ɗin nan, wayar taki, ki ji. To ni na gani, har ma da bakina aka roƙe ta.

Khalida sunanta, amma Ummu Walid kowa yake ce mata. Uwar Sundus ce, Bafalasɗiniyar nan maƙwabciyarmu mai kawo mana za'atar, garin ganyen nan da ake ci da burodi. Ta zo umra bara, ta sauka wurin 'yarta. Gajeriyar mace, baƙa kamar mu saboda rana, tafin hannunta duk faso. A kudancin garin Khalil suke, can ƙasarsu, cikin duwatsu, a kogo. Kogo fa na gaske, a nan aka haife ta, a nan ta haihu. Su da tumakinsu, shi ke nan.

Sundus ta zo ta same ni tana kuka. Ta ce, Khala Tasallah, ke tsararta ce, za ta ji maganarki. Mijina zai nema mata takardun zama, daga baya a ɗauko babana. Ki ce mata kar ta koma. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Mu da kakanninmu suka tako ƙasa tun daga ƙasar Hausa don su mutu a garin nan, wa zai ƙi?

Ranar da Ummu Walid ta fara shigowa gidanmu ta miƙo mini ƙunshi. Wasu farare ne, dunƙulallu, tauri kamar dutse. Na lasa na ji gishiri-gishiri. Na ce a raina kanwa ce irin ta ƙasarsu. Ban tambaya ba, kin san ba a tambayar baƙo me ya kawo.

Sai na ce wa babanki Abdulfattah ya kai mu mazra'a, gonarmu ta Awali, ta ga awakina, ko zuciyarta ta kwanta. Muna isa na ciro ɗaya, na farfasa da dutse, na zuba musu a kwami, ina ta murna, wai in nuna mata kyautarta ta yi amfani. Ta tsaya tana kallon awakin suna lasa. Can ta ce, ya ukhti, 'yar'uwata, wannan jamid ne. Nonon tumakina ne.

Wallahi ashe abinci ne. Nono ne ake kaɗawa a cire mai, a dafa, a tace a buhu, a sa gishiri, a mulmula da hannu, a shanya a inuwa har ya bushe. Da shi suke miyar nama ga babban baƙo. Ita kuwa dariya ta yi, ta ce awakin Madina ma ai manyan baƙi ne, bar su su ci. Dariyar nan ta fi mini zagi ciwo.

Muka zauna a gindin dabino, ruwa yana ta gudu a lambatu, babu mai kula shi. Idonta yana kan ruwan duk tsawon maganar. Ta ce rijiyar da suke tara ruwan sama an cika musu ita da duwatsu. Sai sayen ruwa a tanki, tarakta ta jawo, wani lokaci sojoji su tsare taraktar a hanya. Kwarin da ubanta ya yi kiwo an ce ya zama filin harbin soja, in tunkiya ta tsallaka sai a kama ta, a kama mai ita. Mutanen da aka zaunar a saman tudu kuma suna sako wani ƙaramin jirgi mai ƙugi a kan garke, tumaki su watse, masu ciki su yi ɓari. Ciyawa tana nan kore shar a gabansu, su kuwa sha'ir ɗin buhu suke ba dabbobi. Ta ce nonon bana bai kai rabin na da ba, abin da ta kawo mini daga na ƙarshe ne.

Na ce, to ai shi ya sa, ki zauna mana. Ga Harami, ga jikokinki, ga likita. Ta girgiza kai. Ta ce tun da ta zo, in ta kwanta a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyin nan, sai ta ji kamar sata ta yi. Mijinta, Abu Walid, shi kaɗai ne a can da gwiwa mai ciwo, ba ya iya zuwa ko asibiti, don gidan da aka gani babu kowa, in ka dawo sai ka tarar an kewaye shi da waya. Maƙwabtansu da suka tafi biki haka suka dawo suka samu. Ga tumaki sun kusa haihuwa.

Ban daina ba fa. Kullum ina gidan Sundus, ina ba uwar labarin falalar garin nan. Sai ta saurara, ta ce sadaƙti, kin yi gaskiya, ta ci gaba da ɗaure kayanta. Sundus har fushi ta yi da ni, wai ban matsa ba. Har yau ban san wanda na yi wa ba daidai ba, 'yar ko uwar. Abin da na sani, in na buɗe famfo na ji ruwa ya zubo, sai abinci ya ƙi shiga.

Mun raka ta filin jirgi. A bakin ƙofa na riƙe mata mayafi, na ce, Ummu Walid, ni da ke mun tsufa. Ba ki son a kwantar da ke a Baƙi'a, kusa da Manzo?

Ta sumbaci goshina, ita ma hawaye take. Ta ce, "Wa zai ƙi, ya Hajja? Amma a can nake so a binne ni, ko don su san da mutane a wurin."