Gyaren Kawu da Tayar Hagu

Mai faci ya kwance hular da ke kan bawul ɗin tayar hagu, amma a ɗan allon da ke gaban motar, lambar dama ce ta faɗi. Ni kaɗai na gani, don ni kaɗai ce a cikin motar. Kawu yana waje, tsaye a kan mai faci, yana koya masa aikin da mutumin ya ƙware a cikinsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A gida Ba-Zama ake ce masa, kuma bai taɓa musa sunan ba. A tsaye yake shan shayi. In ya kai maka ziyara, makullin mota na hannunsa yana kaɗawa, yana gaishe ka yana duban ƙofa. Akwai kujera guda a falonsa da aka saya dominsa, matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce har yau kujerar ba ta san nauyinsa ba.

Sana'arsa jigilar ƙwai. Yana da tsohuwar mota da wata 'yar tirela mai taya biyu da yake ɗaura mata a baya. Da kansa ya kafa katakai a cikin tirelar, ya shimfiɗa soson tsohuwar katifa don kiret-kiret su zauna daram. Kullum da safe yakan ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji a bayan gari, ya bi shaguna yana saukewa. Da wannan ya aurar da 'ya'yansa mata, da shi babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya yi karatu.

Bara tayar tirelar ta fashe a kan wata gangara. Tirelar ta yi ta kaɗawa kamar wutsiya, ta kife. Kawu ya fito ko ƙwarzane babu, amma titi ya zama ruwan ɗorawa daga wannan gefe zuwa wancan, karnukan unguwar suka yi ta lasa har yamma. Mutane sun mayar da abin na dariya. Shi bai taɓa darawa ba.

"Tayar mota in ta yi sanyi, sitiyari zai gaya maka," in ji shi. "Ta tirela ba ta gaya wa kowa. Tana can baya tana ɗaukar zafi, kai kana gaba kana jin rediyo."

Shi ya sa ya sayo na'urar auna iskar taya, irin mai arha ɗin nan. Huluna ne shida, kowace ba ta wuce murfin kwalba ba, ana murɗa su a kan bawul a ɗaure da ɗan noti. Huɗu na mota, biyu na tirela, kowace da alamar wurinta a ka. Su ke aika wa ɗan allo labarin iskar kowace taya da zafinta. In iska ta ragu ko ta yi yawa, allon ya kama kuka, siririn kuka mai shiga haƙori. Inna ta ji shi sau ɗaya ta raɗa masa suna Gyare.

Kawu ya kula da Gyare fiye da yadda yake kula da kansa. Yakan goge hulunan da tsohon burushin haƙori. Yakan shafa ɗan man giris a bakin bawul don kada tsatsa ta kama su. Bayan ya ɗaure kowace, sai ya ɗiga mata ruwan sabulu ya tsura ido ko kumfa zai taso. Allon da hasken rana yake caji, amma in rana ta take sai ya cire shi ya naɗe a tsumma, ya ce kayan arha ba sa son gashi. Watanni aka yi lafiya lau. Har wani ƙarshen mako ya kwance tirelar a tsakar gida, ya cire hulunan duka, ya sake musu batir, ya mayar.

Ba a daɗe ba Gyare ya fara ƙorafi a kan tayar hagu ta tirela.

Kawu ya ƙara mata iska, Gyare bai yi shiru ba. Ya sake ƙarawa. Ya sa aka cire tayar aka tsoma a ruwa, ba kumfa ko ɗaya. Ya sauya 'yar robar da ke cikin hular. Hanyar da yake gamawa kafin rana ta yi zafi ta koma yini guda, don da Gyare ya buɗe baki zai gangara gefen titi ya fita. Ƙwai na cikin tirela rana na dukan su. Masu shaguna suka fara kiran mai gona, mai gona kuma ya kira Kawu ya ce, da girmamawa amma ba wasa, in aka sake makara zai ba wani hanyar.

Ina gidan ranar da Yaya ya zo a kan maganar.

"Baba, abin nan ya lalace. Ka cire shi ka jefar."

"In cire, in yi tuƙi a makance?"

"Shekara nawa ka yi kana tuƙi babu shi?"

"Ka je ka tambayi karnukan gangara yadda ta ƙare."

"To ka ajiye tuƙin. Ai mun isa mu riƙe ka."

Kawu ya zagaya tebur, ya ɗauki hularsa, ya ajiye, ya sake ɗauka. "Ku riƙe ni a ina? A kan waccan kujerar?"

Inna ba ta sa baki ba sai da ya fita. Ta ce ba ya barci sosai, wani lokaci yana cin abinci sai ya ɗaga kai ya ce ko ta ji Gyare, alhali motar tana waje a kulle. Tsoronta kada abin ya zama ba a taya yake ba, a kansa yake. Ta dube ni. Na gama jami'a, ina zaman jiran aiki, kowa ya san ba ni da inda zan je.

"Ke da ba ki da surutu, ki bi shi gobe. Ki gano mana."

Haka na samu kaina a motar, da lodin ƙwai a baya, a gaban rumfar mai faci.

"Baba, tayar nan ta ƙoshi," mai faci ke cewa. Ya cire gejinsa na awon iska ya nuna masa. "Dubi. In na ƙara mata, ni da kai za mu tashi sama."

"Gejinka ya girme ka. Ƙara."

"Jiya ma haka ka ce. Ko dai iskar kake kai wa gida kuna girki da ita?"

"Ka ƙara, ina sauri."

Mai faci ya ɗan fesa mata don a rabu lafiya, ya mayar da hular. A allon, lambar dama ta dawo, ta ma haura inda take ɗazu. Ta hagu ko motsi. Na buɗe baki, sai Kawu ya faɗo cikin motar ya tayar, yana ta faɗan masu facin zamani, na rufe. Ban tabbata da abin da na gani ba, kuma Kawu ba mutumin da ake tara da "kamar dai" ba ne.

Mun sauke a shago biyu. Ba ya bari a taya shi, shi ke ɗauko kiret ya rungume a ƙirji, ya miƙa, ya juyo da sassarfa. Muna hawa babban titi Gyare ya kama kuka. Na ga yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari. Ya leƙa madubi, ya leƙa allo, ya sake leƙa madubi, ya gangara gefe.

"Kin gani ko? Hagu ta ƙi tashi, dama kuma ta kumbura. Zafin titi ne ya hura ta. Bari in rage mata."

Ya ɗauki 'yar sifanarsa ya fita. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya. Ya tsuguna a tayar dama, ya kwance hular. A take lambar hagu ta faɗi ƙasa warwas, Gyare ya ƙara ƙaimi. Kawu ya jiyo, ya miƙe da gudu ya zagaya wajen tayar hagu, ya dafa ta, ya kara kunne.

Na fito.

"Kawu."

"Koma ciki, 'yar boko, motoci."

"Kawu, ranar da ka sake batir, a ina ka tsaya da ka mayar da hulunan tirela?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A gabanta mana, wajen ƙugiya. Na riƙe ta hagu a hannun hagu, ta dama a hannun dama, don kada in rikita. Ni ba na aikin gaggawa."

"Kana fuskantarta?"

"Da zan juya mata baya ne?"

"To hagun wa ke nan? Naka ko nata?"

Ya dube ni kamar na yi masa rashin kunya. "Hagu ai hagu ne."

Ban iya jayayya ba, don haka sai na tsaya a gabansa na ɗaga hannuna na hagu. Ya dubi hannun. Yana ɓangaren damarsa. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kaɗa mana riguna, shi yana nan yana kallon hannuna. Sai ya duba hular da ke tafin hannunsa, wadda ya ciro daga tayar dama. Ya kawo ta kusa da ido. Alamar hagu ce a kanta.

Ya koma wajen tayar dama, wadda ya yi makonni yana rage wa iska, ya ɗora tafin hannu a kanta, ya janye da sauri. Ya ɗauko gorar ruwan sabulunsa ya bi ta da shi. Can ta ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya, kumfa ya fara tasowa a hankali a gefen kan wani ƙusa.

"Ashe gaskiya yake faɗa," in ji shi. "Ni nake kai gaisuwa gidan da ba a yi rashin ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Mai gona ne. Kawu ya dube ta har ta katse. Saura shagunan nesa, waɗanda suka fi ƙorafi. Tayar ba ta kwanta ba, mai ƙarfin hali zai iya lallaɓawa da ita ya isa a kan lokaci, wataƙila. Ya yi taku zuwa gaban motar, ya dawo. Ya buɗe ƙofa, ya rufe. Wayar ta sake ƙara, ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, zan makara. Taya ce. A'a, yau da gaske ne." Ya saurara. "Na ji. Duk yadda ka yi daidai ne."

Muka juya a hankali zuwa rumfar mai faci, motoci na ta yi mana oda. Kawu ya ƙi yarda a ɗaga tirelar da ƙwai a ciki, ya ce in ta karkata na ƙasa za su sha nauyin na sama. Sai da muka sauke kiret-kiret ɗin kaf muka jera a inuwar rumfar. Wannan karon ya bari na taya shi.

Mai faci ya zaro ƙusan da filaya ya ɗaga shi sama. "Baba, wannan ai ya kusa biyan kuɗin haya. Ka ce a ƙara wa ta hagu kuma?"

"Rage mata."

"Ban ji ba. Injin na ƙara."

"Na ce ka rage mata, ɗan nema."

Mai faci ya rage yana dariya, har da tari. Kawu ya sauya wa hulunan wuri. Da zai ɗaura su, sai ya tsaya a bayan tirelar, fuskarsa na kallon inda motar ke kallo. Ya ɗiga ruwan sabulu, ya jira. Ya leƙo ta taga ya ce in karanta masa lambobin, na karanta. Ya ce in sake.

Gyare bai ƙara cewa uffan ba har muka gama, amma Kawu bai daina leƙa allon ba. Sau biyu ya ɗauko shi ya girgiza ya kara a kunne, wai ko ya mutu.

Mun isa shagunan nesa bayan azahar. Matar da ke da na ƙarshen ta riga ta saya a wurin wani, ta karɓi rabi don kunya. Da muka mayar da ragowar gona, mai gona ya ja Kawu gefe. Ina hango su daga mota, mai gona na magana, Kawu na sauya ƙafa. Da ya dawo ya ce an ba wani hanyar nesa, an bar masa shagunan cikin gari.

"Rabin aiki," ya ce. Ya tayar da motar muka hau hanya. "Kada ki gaya wa Yayanki zancen hagu da dama. Ki ce ƙusa ne."

"Ai ƙusa ne, Kawu."

"Yauwa."

A gida Inna ta tare ni a ƙofar kicin da ido. Na ce mata an samu ƙusa a taya, kuma Gyare lafiyarsa ƙalau, sai dai mai gona ya raba shi da rabin aikin. Ta sauke numfashi, sannan ta ce, "Rabin aiki kuma? To sauran rabin yinin a kaina zai ƙare."

Ta leƙa ta kira shi ya zo ya ci abinci. Ya ce yana zuwa. Ya lura ƙofar tirelar tana ƙara in an buɗe ta, ya ɗauko gwangwanin mai da gashin kaza, yana ɗiga wa maratayin, yana buɗewa yana rufewa.